Yadda Na Zama Mariniya a Tsakar Gidana

An haife ni a cikin birnin Kano, a wata unguwa da ba ta da nisa da Ƙofar Mata, kuma tun da aka yaye ni aka ba ƙanwar mahaifina riƙona, kamar yadda ake yi wa 'yar fari a gidajenmu. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu tun kafin in yi wayo, saboda haka mu biyu ne a sashenmu na babban gida, kuma duk abin da muka ci daga yatsunta ya fito. Sana'arta ita ce ɗauri. Marina suna aiko mata da farin yadi daga karofi, ita kuma ta zauna a kan tabarma bayan sallar azahar, ta shimfiɗa yadin a cinyarta, ta riƙa tsinto shi da yatsu biyu tana naɗe shi da zare, wani wurin ta cusa tsakuwa ko ƙwayar wake kafin ta ɗaure, wani wurin kuma ta bi shi da allura ta ja zaren har yadin ya tattare ya zama dunƙule. Duk inda zare ya matse, rini ba ya shiga, kuma wannan farin da ya tsira shi ne adon da mai saye yake biya wa kuɗi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, yawancin zanen da ake yabawa a jikin yadin karofi matan da ke cikin gidaje ne suka tsara shi, ba tare da takarda ko alƙalami ba, kuma yawancinsu ba sa ganin yadda aikin ya fito. Goggo takan ɗaure yadi fari, a ɗauke shi fari, a biya ta ladan ɗauri, shi ke nan an rabu. Sai fa idan wata rana ta hangi zanenta a jikin wata baƙuwa wajen biki, ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce a hankali, “'Yar nan, dubi wancan, ɗaurina ne.” Tana gane aikinta ta wurin tazarar da take bari tsakanin zobe da zobe, kuma ban taɓa ganin ta yi kuskuren shaida ba.

Ni ce 'yar aikenta, don haka ni na fi ta sanin karofi. Marinan wurin suna cewa tun shekarar 1498 kakanninsu suke rini a ramukan nan, wato a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma suna faɗin haka da alfaharin da ya dace da shi. Nakan tsaya a gefe da ƙullin yadi a kaina ina kallon yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a cikin rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, a rufe shi a bar shi ya ruɓa har ya nuna, ana motsa shi da doguwar sanda, kumfa mai ƙyalli tana taruwa a samansa. Abin da ya fi kama hankalina, wanda har yau ban daina jin daɗin ganinsa ba, shi ne lokacin da marini zai ɗago yadi daga rami. Yadin yakan fito kore-kore, sa'an nan a gaban idonka, da iska ta buge shi, ya fara juyewa zuwa shuɗi. Sai marinin ya sake tsoma shi, ya sake ɗagowa, ya bar shi ya sha iska, kuma da haka launin yake ƙara duhu har ya kai inda ake so. Daga can kuma ana jin ƙarar mabuga suna dukan yadi a kan gungume domin ya yi sheƙi, irin sheƙin turkuɗin da mutanen Kura suka shahara da shi, wanda Buzaye suke saye har Agadas domin rawani.

Wata rana na tambayi Goggo dalilin da ya sa ba ta rina abin da ta ɗaure da kanta, tun da ita ce mai wahalar zama. Ta dube ni ta ce, “Rami na maza ne, 'yar nan, namu zare da allura. Kowa da inda Allah Ya ajiye abincinsa.” Ba da ɗaci ta faɗa ba, haka ta tarar, haka kuma ta yarda. Na koyi ɗauri a hannunta har na kai ina taya ta, amma maganar rini ta tsaya a nan har na yi aure.

Allah Ya haɗa ni da mutumin da yake aiki a wata masaƙa a Bompai, kuma cikin ikonSa a sashen rini yake. Duniyarsa dabam ce da ta karofi. A wurinsu ba a ɗanɗana ruwa ko a shinshina shi domin a san ya nuna, komai da sikeli ake auna shi, zafin ruwa yana da ma'auni, kuma kowane launi yana da lamba a rubuce. Shi ne ya fara gaya mini cewa tun a 1897 wani kamfani a Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadarai ba tare da ganyen baba ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka rage wa shunin gargajiya kasuwa a duniya. A lokacin ina jin waɗannan maganganu ne a matsayin hirar dare, ban ɗauka za su yi mini amfani ba. Muna cikin rufin asiri, albashi yana zuwa, yara suna makaranta, har ma na ajiye zare da allura.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa cikin na 2000 masaƙun Kano da na Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wutar lantarki da tsadar mai da kuma atamfofi masu araha da suka cika kasuwa daga ƙasashen waje. Masaƙar su maigidana ba ta tsira ba. Da farko aka rage kwanakin aiki, sa'an nan albashi ya fara jinkiri, daga bisani aka sallame su. Mutumin da ya shafe ƙuruciyarsa yana haɗa launi ya koma yana neman aikin gadi da dako, wata rana a samu, wata rana a dawo hannu rabbana. Ba na son in tsawaita a kan waɗannan shekaru, domin dubban gidaje sun ga irinsu, wasu ma sun ga abin da ya fi namu tsanani. Na koma karɓar ɗauri kamar yadda Goggo take yi, sai na tarar aikin ya ragu ƙwarai, domin ramuka da yawa sun bushe an cike su da shara, ladan kuma bai kai ya sayi cefanen yini ba.

Wani dare ina ɗaure wani zane a gaban fitila, maigidana ya zauna yana kallon hannuna, can ya ce, “Uwargida, wannan wahalar da kike yi wani ne yake cin ribarta. Ke kin iya ɗauri, ni na san rini, me ya hana mu haɗa?” Na ce masa ai ba mu da rami, ba mu da jari. Ya ce rinin zamani ba ya bukatar rami, bokitin roba ya isa, jari kuma sai mu fara da abin da hannunmu ya kai. Abin da hannunmu ya kai kuwa shi ne guntayen farin yadi da ake ragewa a ƙarshen bandir, waɗanda ya samo da araha a Kantin Kwari wajen wani tsohon abokinsa. Ba su isa zane ko riga ba, sai muka yanka su murabba'i, muka yi niyyar sayar da su a matsayin hankici da ƙyallen rufe kwanon abinci. Rashin kuɗi ne ya sa muka fara da ƙananan ƙyallaye, kuma a kansu sana'ar ta tsaya har yau.

Darasin farko da ya koya mini bai shafi launi ba, ya shafi yadin kansa. Rinin da muke amfani da shi auduga yake kamawa, ba ya kama zaren roba, kuma kasuwa cike take da yadin da aka gauraya wanda ido ba ya iya bambance shi. Ya nuna mini in zare 'yan silili daga gefen yadi in kusanta su da ashana. Idan auduga ce zalla za ta ci wuta ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, idan kuwa da roba a ciki za ta narke ta dunƙule ta bar ƙwallo mai tauri. Har zaren da tela zai yi kalmasa da shi dole ya zama na auduga, in ba haka ba a gama rini a ga farin layi ya kewaye adikon. Bayan haka sai wanki, domin sabon yadi, musamman akoko, yana zuwa da sitaci da maiƙon masaƙa waɗanda suke hana rini shiga daidai, don haka muna dafa shi da sabulu da sodar wanki, mu ɗauraye sosai kafin ya ga launi. Yadi ɗaya mai faɗin inci 36 yana ba da adiko 4 masu inci 18 kowane gefe kafin kalmasa, kuma tun da auduga tana tsukewa a wankin farko, sai an wanke ake yankawa.

Rini iri biyu muke yi. Akwai wanda masu kamfala suka fi sani, wanda ake haɗa garinsa da soda mai ƙuna da wani garin sinadari mai suna haidros a ruwan zafin da bai kai tafasa ba. Aikinsa ɗaya ne da na baba: a cikin bokiti launinsa dabam, sai yadi ya fito ya sha iska sa'an nan ainihin launin ya bayyana, kuma idan ya kama yana jure wanki mai tsanani. Akwai kuma na ruwan sanyi, wanda yake aiki da gishiri da sodar wanki, launukansa sun fi haske, kuma ya fi sauƙin sarrafawa idan ana son launi biyu ko uku a ƙyalle ɗaya. Wannan na biyun yana son ɗumi da danshi, shi ya sa idan na zuba shi a kan ɗauri nake naɗe ƙyallen a leda ya kwana, a lokacin hunturu kuma nakan ƙara masa lokaci in ajiye shi a ɗaki, domin sanyi yana rage masa kaifi, busasshiyar iska kuma tana shanye ruwan kafin launi ya gama kamawa. Da zarar an haɗa shi da soda ƙarfinsa yana fara raguwa, don haka ba a haɗa shi a tafi wani aiki.

A nan dole in tsaya a kan maganar soda mai ƙuna, domin ba abin wasa ba ce, kuma na ga gidajen da ake sabulu da rini ana ajiye ta inda hannun yaro yake kaiwa. Ruwanta fari ne tas, yaro mai ƙishirwa ba zai bambance shi da ruwan sha ba, kuma idan ya haɗiya yana ƙona maƙogwaro ƙunar da takan bi mutum har girmansa. Tun ranar farko maigidana ya kafa doka a gidanmu. Soda da haidros suna cikin akwati mai kwaɗo, ba a taɓa zuba su a robar lemo ko kofin sha, ba a haɗa su a tukunyar alminiyom domin soda tana cin ta, kuma sodar ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba. Safar hannu ta roba da takunkumi wajibi ne, aikin kuma a fili ake yi inda iska take kaɗawa, saboda warin haidros yana shaƙe ƙirji. Ruwan da aka gama da shi yana da raminsa a bayan gida, nesa da rijiya da inda kaji da awaki suke sha.

Adikon tebur, wato ƙyallen goge hannu da baki wajen cin abinci, ba abin gidajenmu ba ne, mu da buta da sabulu muka saba, kuma har yau ina ganin wanke hannu ya fi kowane ƙyalle tsafta. Wata 'yar ƙanwar maigidana da take aikin ƙawata wuraren biki ita ce ta ga hankicin da muke yi ta ce, “Anti, da za ki ƙara musu faɗi da na saya, domin waɗanda muke ɗorawa a teburin dina duk na roba ne, ba sa shan ruwa, kuma kowa irinsu yake da su.” Ta kawo mini launin ankon wani biki ta ce in yi mata adiko da zai tashi daga duhun launin ya tafi yana haske har ya ƙare da fari. A karofi na taɓa ganin yadi mai duhu da mai haske, amma ban taɓa ganin an jera su a ƙyalle ɗaya ba tare da layi ya raba su ba. Wannan shi ne rinin da muke kira hawa-hawa a gidanmu, kuma shi ne aikin da ya fi kowanne neman natsuwa.

Ana fara shi da jiƙa adikon a ruwa mai tsabta a matse shi kaɗan, domin busasshen yadi yana shan rini da ƙarfi ya bar layi mai kaifi, jiƙaƙƙe kuwa yana barin launin ya hau a hankali ta cikin zare ya narke a cikin farin. Nakan jera duk adikon saiti ɗaya a jikin sanda guda, gefensu a daidaice, in maƙale su, domin waɗanda za su zauna a tebur ɗaya dole su shiga bokiti tare su fito tare. Idan aka rina su dabam-dabam, ko da awo ɗaya aka yi, na farko zai sha ƙarfin rinin ya bar wa na ƙarshe saura. Sai in tsoma su zuwa inda nake so launi ya tsaya, in ɗago nan da nan kamar faɗin yatsu uku, in dakata kaɗan, in sake ɗagowa, kowane mataki yana daɗewa a ruwa fiye da wanda ya gabace shi, har ya zama bakin ƙasa ne kawai ya rage a ciki, shi ne kuma zai fi duhu. Sirrin aikin yana cikin hannu: ba a barin sandar ta tsaya cik, ana ɗan ɗaga ta ana saukewa a hankali kamar mai jijjiga goyo, domin duk inda saman ruwa ya tsaya a jikin yadi na ɗan lokaci, nan zai bar zane. Idan ina son ƙasan ya yi duhu sosai, nakan ɗago sandar gaba ɗaya in ƙara rini mai kauri a bokitin in motsa, sa'an nan in mayar da bakin kawai.

Da rinin haidros ko na baba lissafin yana canjawa, domin a nan yawan tsomawa da shan iska ne yake kawo duhu fiye da daɗewa a ruwa. Sai a tsoma mai tsawo sau ɗaya a bar shi ya juye, a sake tsomawa ƙasa da wancan, a sake bari, haka har a kai baki. Abin da na gani a karofi ina yarinya shi ne ya warware mini wannan tun kafin maigidana ya yi bayaninsa. Wajen ɗauraya kuma akwai ƙa'ida: farin gefen a sama, ruwa yana gangarowa daga fari zuwa duhu, haka kuma ake shanya shi a inuwa, duhun yana ƙasa. Wanda ya juya shi ya ɓata aikin yini a cikin ɗan lokaci, domin ruwan rini zai gangara ya ɓata farin, kuma ba ya fita.

Ɗauri a kan adiko shi ma yana da nasa hukunci, kuma a nan ne ilimin Goggo ya yi mini rana. Zanen da ya yi kyau a zane mai yadi biyu yakan yi wa ƙaramin ƙyalle yawa, ga shi kuma adiko a ninke ake ajiye shi, don haka dole mai ɗauri ta san wane ɓangare ne zai fito a sama. Na fi son in ɗaure ƙananan zobba da ƙwayar dawa a kusurwa ɗaya in bar sauran fili, ko in bi gefe da allura in ja, ya fito da siririn layi mai kama da ƙashin kifi. Akwai kuma ninki, inda ake ninke ƙyallen gaba da baya har ya zama siriri, a sake ninke shi murabba'i ko kusurwa uku, a matse shi tsakanin katako biyu a ɗaure tam, rini ya ci gefuna kawai, idan aka buɗe a ga zane ya maimaita kansa daidai wa daida. Masu son hayaniyar launi suna neman na murɗe, wanda ake kama tsakiya a juya har ya zama faifai a zuba launuka, kuma ina yi musu, amma a ganina bai dace da teburin abinci ba, ya fi kyau a rigar yara. Zaren buhu da robar tsohon tif na keke sun fi zaren ɗinki matsewa, kuma wajen kwancewa da hannu nake bi a hankali, reza sai inda ya zama dole, domin huda ɗaya ta isa ta fitar da adiko daga saiti. Na ga aikin matan Abekuta da ake kawowa daga kasuwar Itoku, masu ɗauri da ɗinki da kuma masu zana kunun rogo a kan yadi kafin rini, kuma na ƙaru da su ƙwarai wajen tsara fili da zane.

Abin da na fi tsanantawa a kai shi ne wankin ƙarshe. Adiko ba kamar labule ba ne, ana goge baki da shi, yana taɓa farar riga, kuma ana wanke shi bayan kowane amfani. Idan ya zuba a jikin shaddar baƙo ranar biki, an ci amanar wanda ya saya, an kuma kunyata mai taro. Mutane da yawa sun yarda cewa jiƙa yadi a ruwan gishiri yana hana shi zuba, amma maigidana ya nuna mini cewa gishiri yana taimakon rini ne lokacin da yake shiga yadi, bayan an gama kuwa babu abin da yake ɗaurewa. Abin da yake zuba shi ne rarar launin da bai kama zare ba, kuma maganinsa a fitar da shi: ɗauraya da ruwan sanyi tukuna, sa'an nan wanki da ruwan zafi da sabulu, a maimaita har ruwa ya fito garau. Kafin kaya su bar gidana nakan ɗauki ɗaya da danshinsa in shimfiɗa tsakanin fararen ƙyallaye biyu in bi da dutsen guga mai zafi. Idan farin ya ɗauki launi ko kaɗan, saitin gaba ɗaya yana komawa wanki. Wannan yana cin ruwa da itace da lokaci, kuma shi ya sa kayana suka fi na wasu tsada, amma ban taɓa yarda in rage shi ba.

Wasu masu saye suna tambayar rinin itatuwa, kuma na gwada abin da ke kusa da mu. Ɓawon albasa da alif yana ba da rawaya mai kyau, goro da lalle suna ba da ƙasa-ƙasa, bagaruwa da ruwan tsatsar ƙarfe suna ba da toka-toka zuwa baƙi, kamar yadda dukawa suka daɗe da sani. Zoɓo da kurkum kuwa suna da kyau a ranar farko kawai, sabulu da rana suna cinye su, don haka nakan gaya wa mai so gaskiya tun kafin ya biya.

Goggo ta rayu har ta ga wannan aiki. Lokacin da ƙafafunta suka yi rauni muka ɗauko ta ta dawo wurinmu, kuma duk da idonta ya rage gani, yatsunta ba su manta ba. Takan zauna a inuwa ta ɗaure kusurwoyin adiko, ni kuma in rina a gabanta, in ɗauraye, in miƙa mata ta kwance da kanta. Ranar da ta fara buɗe ɗaurinta da hannunta ta daɗe tana juya ƙyallen, sa'an nan ta ce, “Ashe haka yake fitowa tun yana jiƙe.” Daga nan ta shiga gyara mini aiki, tana cewa wannan zoben ya yi sako-sako, wancan tazarar ta yi yawa, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ba ta taɓa sa hannu a bokiti ba har ta koma ga Mahaliccinta, Allah Ya jiƙanta Ya sa Aljanna ce makomarta, amma zanen da na fi sayarwa har yau nata ne.

Sana'ar ta ciyar da mu, ta biya kuɗin makarantar yara, ta kuma mayar wa maigidana da abin da rufe masaƙa ya ƙwace masa, wato a tambaye shi abin da ya sani. Shi yake riƙe da littafin awo, kowane launi da giram ɗinsa da litar ruwansa da guntun ƙyallen shaida a manne, domin idan mai otal ya dawo bayan shekara yana son ƙari a ba shi irin na farko. 'Yarmu ta biyu ita take ɗaukar hoto ta tura wa masu saye ta WhatsApp, kuma ta haka kayanmu suka kai Abuja da Kaduna da Damagaram. Ba kullum ake cin riba ba. A 2020, da aka rufe gari saboda korona, biki ya tsaya, otal-otal suka zama kufai, sai muka koma ɗinka takunkumi da ragowar yadin da muka rina har aka buɗe. Daga 2023 kuma, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira, garin rini da haidros da ake shigowa da su daga waje suka yi tsadar da ta tilasta mana rage yawan launuka da ƙara kuɗin kaya, wasu masu saye suka koma wa na roba.

Yanzu akwai 'yan mata da zawarawa na unguwa da suke zuwa koyo, kuma ba na barin kowacce ta taɓa garin rini sai ta iya gane auduga, ta iya wanki, ta kuma haddace dokokin soda. Ina koya musu ɗauri da rini tare, domin wadda ta iya ɗaya kawai za ta zauna tana jiran wani ya yanka mata lada. Idan aka nemi shuni na asali kuwa ba na yin ƙarya da na bokiti, nakan ɗaure kayan in aika da su karofi a rina a rami in biya marina haƙƙinsu, domin har yanzu akwai dattawa da samari da suke riƙe da aikin a Ƙofar Mata, kuma launin da baba yake bayarwa dabam ne. Matsalar da ta fi damuna a yanzu ita ce samun auduga zalla, domin yadin kasuwa yana ƙara cika da roba, shi ya sa muka fara sayen farin saƙi daga masaƙan hannu na wajen Minjibir. Ya fi kauri, yana shan rini da yawa, kuma hawa-hawa a jikinsa yana bukatar a jiƙa shi tun da dare, amma masu otal biyu da suka gwada sun sake aikowa, kuma da shi za mu yi kayan bukukuwan bayan salla.